Faifai ko Saukewa: Yadda Mutumin Guri Zai Sayi Wasan Gem Bai Yi Asara Ba

Duk wanda ya yi niyyar sayen injin gem a yau, ko don ya ajiye wa yara a gida ko don ya kafa rumfa kusa da gidan kallon ƙwallo, tambaya ɗaya mai shago zai tare shi da ita tun bai zaro kuɗi ba: mai cin faifai kake so ko marar faifai? Mutane da yawa kan ji farashi kawai su zaɓi mai sauƙin. Daga nan asarar take farawa, domin amsar wannan tambaya ita za ta yanke yadda za ka riƙa sayen kowane wasa.

Kamfanin Sony ya fito da wannan rabuwa fili a watan Nuwamban 2020, da ya saki PlayStation 5 iri biyu: mai cin faifai a kan dala 499, marar faifai a kan dala 399. Microsoft ma a watan ya fitar da Xbox Series S wanda ko bakin saka faifai ba shi da shi. Zuwa 2024, PS5 Pro da aka sa wa dala 699 ya zo ba ma'ajin faifai, sai dai mutum ya saya daban a kan kusan dala 80. Kamfanonin sun san inda suka dosa. Alƙaluman Sony na 'yan shekarun nan sun nuna cewa cikin kowane wasa 10 da ake saya a injinansa, 7 ko fiye saukewa ake yi ta intanet. To amma masu wannan sayen yawancinsu suna zaune ne inda wuta ba ta ƙiftawa, intanet kuma ba a auna musu shi da gigabait. Mu da ke Guri, Kirikasamma, Birniwa ko cikin garin Haɗeja, lissafinmu daban ne, kuma shi nake so mu yi tare.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne abin da kuɗinka ke saya maka. Wasan da ka biya a shagon intanet na PlayStation, Xbox ko Steam ba mallakarka ba ne; izinin bugawa aka ba ka, an ɗaure shi da asusunka. Ba ka da ikon sayar da shi, ba ka da ikon ba da aronsa yadda kake so, in kuma aka rufe asusun ya tafi da duk abin da ke ciki. Maganar ta yi girman da jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa shagunan intanet su faɗa wa mai saye ƙarara cewa lasisi yake biya. Faifai kuwa kamar tunkiyar da ka ɗaure a gida ce: ranar da buƙata ta taso ka ja ta zuwa kasuwa, ko ba ta dawo da kuɗinta duka ba za ta dawo da wani abu.

Masu son ƙwallo sun ga wannan da idonsu. Da kamfanin EA ya rabu da hukumar FIFA ya koma kiran wasansa FC 24 a Satumban 2023, sai ya kwashe tsofaffin FIFA daga shagunan intanet. Wanda yake son FIFA 23 bai riga ya saya ba, sai dai ya nemi faifai. Konami ma bayan PES 2021 ya daina buga faifai, ya koma eFootball na kyauta, wanda yawancin abin da ke cikinsa sai da intanet. Shi ya sa faifan PES 2021 na PS4 har yau yake da daraja a wurin masu gidan gem: yana tashi ba data, kuma ana iya ɗora masa rigunan kulob da sunayensu na gaskiya ta filas, hanyar da shi kansa wasan ya yarda da ita.

Kada wannan ya sa ka ɗauka duk faifai tsira ne. Akwai faifan da mabuɗi ne kawai. Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 abin da ke kan faifansa bai kai megabait 100 ba, sauran wasan sai ka sauke gigabait masu yawan gaske. Wasan tseren mota The Crew kuwa, da Ubisoft ya kashe na'urorin da ke riƙe shi a ƙarshen Maris 2024, har masu faifai suka wayi gari da kwali a hannu ba abin bugawa. Don haka kafin ka biya, juya bayan kwalin ka duba ƙananan rubutun ƙasa. In an rubuta cewa sai da intanet, ajiye shi, sai fa in kana da yalwar data.

Yanzu mu zo ga kuɗi. Tun 2020 manyan sababbin wasanni suka tashi daga dala 60 zuwa dala 70, Nintendo ma ya sa wa Mario Kart World dala 80 a 2025. A daidai wannan tsakani naira ta faɗi: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. In ka yi lissafi da 1,500, wasan dala 70 ya kama naira 105,000, kafin mai sayar maka da katin biya ya ɗora ribarsa. Ka auna wannan da buhun shinkafar da ka kai kasuwa bana, ka ga buhu nawa ke tafiya a wasa ɗaya.

Ba nan kuɗin saukewa ya tsaya ba. Wasan ƙwallo na zamani yakan kai gigabait 40 zuwa 50, manyan wasannin labari su kusanci 100 ko su wuce. Wasan gigabait 50, in sabis ɗinka yana gudu megabit 5 a daƙiƙa ba yankewa, awa 22 yake buƙata. In gudun ya sauko zuwa megabit 2, ya haura awa 55. Duk tsawon wannan lokaci injin yana kunne, ke nan ko dai batirin sola yana zuƙewa ko janareto yana shan fetur, fetur ɗin da kowa ya san yadda ya koma tun cire tallafi a Mayun 2023. Ga kuɗin data, wanda hukumar NCC ta amince a ƙara masa har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Mutum zai ga wasa an yi ragi ya dawo dala 20 ya ce ya tsinci dami a kala, bai san data da man da zai ƙona sun kusa cinye ragin ba.

Ga yadda nake ba da shawara a yi lissafin, kuma da biro a takarda, ba da ka ba. Ga faifai: kuɗin saye, haɗa da kuɗin mota ko na aike daga Kano, sannan ka cire abin da kake sa ran samu ranar da za ka sayar. A misali, ka sayi faifai na hannu naira 30,000, aike ya ci 2,000, bayan wata uku ka sayar 20,000. Abin da wasan ya ci maka 12,000 ne. Ga na saukewa: kuɗin kati, haɗa da data, haɗa da mai, ba abin cirewa ko sisi. Wasannin labari irin su God of War, Spider-Man ko Uncharted, waɗanda in ka kai ƙarshe da wuya ka sake komawa, kusan kullum faifai na hannu ne ke cin wannan lissafi. Gama, kai wa mai shago, yi musaya ka ba da ciko, ɗauko wani.

Sayen faifai na hannu shi ma yana da ƙa'ida, kuma a nan nake so ka nutsu. A Kano ana samunsu a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari da wajen titin Beirut. Yawancin kayan daga Legas suke haurowa, daga Alaba da Computer Village na Ikeja. Da an miƙo maka, riƙe shi ta gefe da ramin tsakiya, kada yatsa ya taɓa fuskar. Ɗaga shi wajen haske ka karkata. Siririn ƙarce da ya tashi daga tsakiya zuwa baki bai cika hana karatu ba, musamman a faifan PS4 da PS5 da ke da rufi mai tauri. Wanda ya bi zagayen faifan shi ne mugu. Duba ramin tsakiya da kyau: in ka ga tsagewa ko da kamar silin gashi ce, mayar masa, domin juyawa cikin inji za ta ƙara buɗa ta. Sannan ka ce a gwada.

"Oga, sa min shi ya loda gaba ɗaya, kuma a cire intanet."

"Haba Malam, ai ga shi ya tashi, ka ga hoton ya fito."

"Na gani, Oga. Ni dai Guri zan koma da shi, in ya tsaya a rabi ba ni da kuɗin motar dawowa. Zan jira."

Jira ɗin shi ne gwajin. PS4 da PS5 ba daga kan faifai suke buga wasa ba, kwafe shi suke yi zuwa cikinsu, faifan ya zama shaidar mallaka da dole ya zauna a ciki duk lokacin bugawa. Faifai mai lahani yakan fara lafiya ya maƙale a tsakiyar kwafa. Mai shagon da ya ƙi a jira, ko ya ce a biya a gwada a gida, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Akwai kuma maganar yanki. Faifan PS4 da PS5 yana tashi a injinsa ko daga wace ƙasa ya fito, amma ƙarin kayan wasan da ake saya ta intanet dole su dace da yankin faifan. Gane yankin ba wuya: kwalin Amurka yana ɗauke da harafi a kusurwa, E ko T ko M; na Turai lamba ce, 3, 7, 12, 16 ko 18. In asusunka na Amurka ne, nemi mai harafi. Iyaye su ma wannan alama ta shafe su, domin shekarun da suka dace da wasan take nunawa. GTA V da yara ke rububinsa 18 aka rubuta masa, kuma ba a banza ba. Ba na ganin ya dace a bar shi a rumfar da 'yan firamare ke shiga.

In ka kawo faifai gida, abokan gabarsa biyu ne a wajenmu: ƙurar hunturu da zafin bazara. Mayar da shi kwalinsa da an gama, kada a kife shi kan tabarma ko kan talabijin. In ya yi datti, goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Injin kuma ɗora shi kan benci nesa da ƙasa, rufe shi da ƙyalle in an kashe, a buɗe shi sarai in yana aiki. Ƙura ce ke kashe idon da ke karanta faifai, kyankyasai kuma suna son ɗumin cikin PS4 har su ƙona masa wuta.

To yaushe saukewa ta fi? Tana da ranarta, kuma ba zan rage mata ba. Na farko lokacin ragi: shagon PlayStation yana karya farashi sosai a ƙarshen Mayu zuwa Yuni, da ƙarshen Nuwamba, da kuma ƙarshen shekara. Wasan ƙwallon EA da ke fitowa a ƙarshen Satumba sau da yawa yakan faɗo kusan rabi kafin Disamba, don haka mai haƙurin wata biyu ya ci riba. Na biyu, wasan da ka san ba za ka taɓa sayarwa ba. Na uku kuwa mu mutanen bakin ruwa mun fi kowa saninsa. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a ƙasar Haɗeja ya san yadda ruwa ke shiga ɗaki cikin dare ya tafi da abin da aka tara. Wasan da ke cikin asusu ruwa ba ya cinsa, ɓarawo ba ya ɗaukarsa. Ko inji ya lalace, da ka samu wani ka shiga asusunka za ka tarar da kayanka.

Sai dai hanyar tana da sarƙaƙiya. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da shagon PlayStation ya amince da su. A kudu da Sahara, Afirka ta Kudu ce kawai a jerin. Shi ya sa 'yan Najeriya ke buɗe asusu da sunan Amurka ko Ingila. Ka sani cewa ƙasar da ka zaɓa ranar buɗewa ba ta canzuwa, kuma in rigima ta taso tsakaninka da kamfanin, adireshin da ba naka ba rauni ne a gare ka. Biya kuma yawanci da kati ake yi, lamba ce mai harafi da adadi 12 da ake shigarwa kamar katin waya, kuma dole katin ya zama na ƙasar asusun. Katin fam na Ingila ba ya shiga asusun dala. Tun wajen 2022 bankunanmu suka taƙaita sayayyar waje da katin naira, wasu suka dakatar gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka dawo da ita, don haka ka tambayi bankinka kafin ka dogara da katinsa. In wajen ɗan kasuwa za ka sayi lambar, nemi wanda aka sani da shago. Lambar da aka saya da kuɗin sata tana iya jawo a rufe asusun da ta shiga.

Buɗe asusun da imel ɗinka, da hannunka. Kada ka bar yaron shago ya buɗe maka da nasa don sauri, domin mai imel shi ne mai asusu. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, rubuta kalmar sirri a takarda ka adana inda kake ajiye takardun gona. Bayan haka shiga saitin asusu ka mai da injinka na firamare, wato babban injin wannan asusu. Wannan mataki shi ne ke sa wasanninka su tashi ba intanet. In ba ka yi ba, ranar da sabis ya ɗauke za ka ga ɗan hoton kwaɗo a kan wasan da ka biya da guminka, ya ƙi buɗuwa. Ka kuma yi tunani kafin ka taɓa maɓallin saukewa: Sony yana mayar da kuɗi cikin kwana 14 ne kawai in ba ka fara saukewa ba. Steam na kwamfuta ya fi sassauci, kwana 14 muddin bugawarka ba ta kai awa 2 ba.

Don rage wahalar data, ga dabarar da ta halatta kuma take aiki. Tun 2017 PS4 ke karɓar hadis na waje mai USB 3.0, daga gigabait 250 zuwa sama. In kana da ɗan'uwa mai PS4 a Kano ko Dutse inda intanet ya fi ƙarfi, ka je da hadis ɗin, ka shiga asusunka a injinsa, a sauke wasan a kai, ka fita daga asusun, ka dawo gida ka jona. In kuwa da wayarka za ka sauke, bar injin a yanayin hutu maimakon a kunne sosai, ya fi ƙarancin cin wuta. Tsohon PS4 na farko ba ya ganin wayfay mai 5GHz, sai ka sa wayar a 2.4. Abu mafi muhimmanci, kashe sabuntawa ta kai tsaye a saiti, in ba haka ba da ka jona waya don ɗan abu kaɗan injin zai kama jan gigabait bai tambaye ka ba.

Akwai hanya ta uku da ta cika WhatsApp da Facebook, wadda nake roƙon ka guje mata: masu sayar da gurbi a asusunsu, su ce firamare kaza, sakandare kaza, wasan naira dubu ɗari a ba ka a kan dubu goma sha. Asusu ɗaya suke rabawa mutane da yawa. Imel nasu ne, kalmar sirri tasu ce. Ranar da suka canza ta ko suka sauke injinka daga firamare, kwaɗo ya hau, ba kuma wanda za ka kai wa ƙara domin cinikin ya saɓa ƙa'idar kamfanin tun asali. Araha ba ta ado.

Ba zan yi kamar ban san cewa rumfunan gem da yawa a ƙasar nan da injin da aka yi wa kutse suke aiki ba, PS2 mai filas ko PS3 da PS4 da aka cika da lodi. Dalilin a fili yake, talauci da tsadar dala. Amma a kira abu da sunansa: satar fasaha ce, irin wadda ta taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa a Ƙofar Wambai, muna ji muna gani 'yan fim suna kuka. Ko ta fuskar ciniki ma tana da illa. Injin da aka yi wa kutse ba ya shiga wasan intanet lafiya, in ya shiga ana iya toshe shi, in yaro ya kuskure ya sabunta shi kutsen ya tashi, wasannin su rufe. In za ka sayi inji na hannu, tambayi mai shi gaskiyar halin da yake ciki kafin ku yi ciniki.

Ga mai buɗe gidan gem, shawarata a taƙaice take. Abokan cinikinka ƙwallo suke so, sai ɗan dambe irin Mortal Kombat, kuma biyu-biyu suke bugawa a kan benci ɗaya, don haka ba ka buƙatar biyan PlayStation Plus na masu bugawa ta intanet, wanda mafi ƙanƙantarsa ya kai dala 80 a shekara a asusun Amurka. Faifai ɗaya inji ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Talabijin uku, faifai uku. Kada ka bi sabon fitowa a Satumba. Faifan ƙwallon bara yana faɗuwa warwas da sabo ya fito, kuma yaro mai son ya ɗauki Real Madrid ya lallasa abokinsa ba zai fasa biya ba don ɗan wasa ɗaya ya sauya kulob. Yi sayayyarka kafin azumi ya raba, domin cinikin Sallah shi ne ke mayar da jari, kuma a lokacin kaya ke tsada a Kano. Ka kuma duba abin da wutarka za ta iya ɗauka: PS5 yana jan wajen wat 200 in ana bugawa, PS4 siriri bai kai haka ba ko kusa, ga faifansa sun fi yawa a kasuwar na hannu. Rufe rumfa lokacin salla da lokacin makaranta. Iyayen gari ne ke barin sana'ar nan ta zauna ko su tashe ta.

Mafi yawan matasanmu ma a waya suke bugawa, eFootball, Dream League Soccer, Free Fire, inda ba maganar faifai sam. Waɗannan kyauta ake saukewa, kuɗin a ciki suke fita kaɗan-kaɗan wajen sayen 'yan wasa da kaya. Mai ba yaro wayarsa ya sa kalmar sirri a kan sayayyar Google Play.

Idan ka tsaya gaban mai shago ya sake tambayarka mai faifai ko marar faifai, ɗauki mai faifai ko da ya fi tsada. Shi yana karɓar faifai, yana kuma karɓar na saukewa ranar da aka yi ragi. Marar faifai shago ɗaya tak ya sani, kuma da kuɗin waje ake ciniki a cikinsa.